Waƙafin Dorle

Kusa da Mosul, Iraƙi
Nuwamba, 1979

Inna Kunigunde,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Ya ƙafar, ya sanyin Weidenreuth? Na san war haka dusar ƙanƙara ta fara rufe hanyar coci. Ni lafiya ƙalau, sai dai bayana da ya fara tuna mini cewa ni ba yaro ba ne. Walda muke yi daga safe har yamma, masana'antar simintin kuwa kullum sai a ce saura kaɗan.

Na san za ki ce me ya kawo Wendelin yau, shi da rabonki da jin muryarsa tun ranar da muka binne matarsa Resi. Gaskiyarki. Bukata ce ta kawo ni, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar 'yata Dorle ce. Tana aji huɗu, kin kuma san bana ne za a raba su: wasu su tafi Gimnaziyum a Bamberg, hanyar jami'a, sauran su zauna a makarantar ƙauye har su kai sha biyar a tura su koyon sana'a. Mama ta rubuto mini cewa malaminsu Dotterweich ya ba ta uku a Jamusanci, alhali biyu ake nema. A lissafi ɗaya ta samu, wanda babu sama da shi. Wai labarinta yana da daɗi, amma waƙafinta kamar an watsa wa kaji tsaba. Saboda haka ba zai ba ta takardar wucewa ba, sai dai ta je Bamberg a watan Mayu ta zauna jarrabawar gwaji, ta yi shifta da insha'i a gaban malaman can.

Inna, waƙafi fa! Ɗan ƙugiyar nan da bai kai ƙafar ƙuda ba, shi zai tura mini 'ya masana'antar ɗinki, inda uwarta ta zauna a kan keke har ƙurar auduga ta cinye mata huhu. Tun da na karanta takardar Mama abinci bai yi mini daɗi ba.

Ba ki san yarinyar ba sosai. Wasiƙa shafi huɗu take rubuto mini, jimla ɗaya ta cinye rabin shafi. Akwai agwagwar maƙwabcinmu da ta raɗa wa suna Kansila, saboda tafiyar ƙasaita da take yi, kuma duk wata da irin ta'asar da Kansila ke yi wa ɗan gidan waya. Idan wasiƙarta ta iso, ƙattin da muke kwana ɗaki ɗaya sai su ajiye karta su ce in karanta. Da waɗannan takardu nake iya zaman ƙasar nan.

Ke da Mama kakanninku ɗaya, kuma duk gundumarmu ba wanda ya san waƙafi kamarki. Tafin hannuna shaida ne, har yau bai manta da rularki ba. Tunda kin yi ritaya, gidanki da na Mama kuma tafiyar ƙafa ce, don Allah ki karɓe ta ki gyara mata hannu kafin Mayu. Ki yi duk abin da kika ga ya kamata, ba zan sa baki ba.

Ki gaida Fada idan kin je coci.

Ɗanki,
Wendelin


Weidenreuth
Disamba, 1979

Wendelin,

Na samu takardarka, na gode da gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Babette mahaifiyarka lafiyarta lau, tari ne kawai irin na lokacin nan. Game da bayanka, ka daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka don a ce maka namiji.

Na ga rula ba ta yi maka amfanin komai ba. A wasiƙarka ma waƙafi ya ɓace a wurare da dama, amma na bar ka, kai ruwa ya riga ya wuce da kai.

Na karɓi yarinyar. Ranar farko na ba ta littafinta na insha'i na ce ta karanta mini da ƙarfi, nan take na gano cutar. Duk inda numfashinta ya ƙare, nan take sa waƙafi. Inda kuma labari ya kwashe ta, sai ta yi gudun layi uku babu ko ɗaya. Na ce, "Ke, wa ya koya miki wannan ɓarnar?" Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ai Malam ya ce a sa a inda ake hutawa. Ni kuma a nan ban gaji ba."

Washegari na sa hulata na tafi makarantar. Ka ga Dotterweich ɗin nan kuwa? Gashi har kafaɗa, ko laktaye babu. Na tambaye shi me ya sa bai koya wa yara doka ba. Ya ce, "Haba Malama Zeitler, 'yan shekara tara ne fa, kada mu kashe musu sha'awar rubutu." Na ce, "Madalla. To me ya sa ka ba ta uku?" Ya sosa ƙeya ya ce ai ka'idar ba da maki ce, ba shi ya tsara ba. Ka ji mutum. Bai koya mata doka ba, amma da dokar ya yanke ta. A zamanina da tuni an mayar da shi gadin ɗakin ajiyar littattafai.

A harshenmu, Wendelin, waƙafi ba benci ba ne da mutum zai zauna ya huta. Dutsen iyakar gona ne. Kowace jimla da aikataunta, kuma inda gonar wata ta ƙare ta wata ta fara, nan ake kafa shi. Kafin "saboda", kafin "cewa", kafin "amma", kafin "wanda", ko numfashinka ya ƙare ko bai ƙare ba. Malaman Bamberg kowane waƙafin da ya ɓace rabin kuskure suke ɗaukarsa, ita kuwa 'yarka a shafi ɗaya tana zubar da abin da zai kayar da yara uku.

Ga tsarina. Tana zuwa Litinin, Laraba da Juma'a bayan abincin rana. Shifta tukuna, kuma a shiftata ba na faɗin alama, ita za ta nemo. Sannan insha'i. Duk jimlar da na zagaye da jan biro sai ta sake rubuta ta sau biyar. Ta zo tana ce mini Kaka Kuni, na ce a kan teburin nan Malama nake, Kaka sai ranar Lahadi wurin kofi da kek.

Zan faɗa maka gaskiya, ban taɓa koyar da kai irin nata ba. Surutu ne ya yi mata yawa, a baki da a takarda, amma wannan abu ne mai gyaruwa. Za ta shiga Gimnaziyum in dai ina numfashi.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya.

Innarka,
Kunigunde Zeitler


Kusa da Mosul
Janairu, 1980

Inna Kunigunde,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Ni lafiya. Kirsimeti mun yi ta a kantin kamfani da naman gwangwani, mai girkinmu ya yi ƙoƙarin dunƙulen dankali irin na gida, abin ya fito kamar ƙwallon roba. Ban taɓa kewar girkin Mama irin ranar ba.

Wasiƙarki ta kwantar mini da hankali. Na karanta wa abokin aikina Jupp, mutumin Kolon, inda kika tsare Dotterweich, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Wannan tsohuwar taka a turo mana ita ta zama foman, wallahi wata guda za mu gama aikin nan." Na gode, Inna. Allah ya saka.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Wasiƙar Dorle ta wannan karon shafi ɗaya da rabi ce, kuma Kansila ba ta ciki. Jupp har cewa ya yi, "Kai Wendelin, ko dai an yanka agwagwar nan ne an ci Kirsimeti da ita?" Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba. Wataƙila gajiya ce. Tunda ke kike ganinta kullum, don Allah ki duba mini wannan al'amari.

An ce jakar wasiƙunmu za ta riƙa bi ta Bagadaza daga yanzu, idan kin ji ni shiru ba laifina ba ne.

Ɗanki,
Wendelin


Weidenreuth
Fabrairu, 1980

Wendelin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa ta matsa mini a makonnin nan, ƙanƙara ta hana ni zuwa coci Lahadi biyu. Tarin Babette ya tafi. Agwagwar tana da rai, ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa.

Ƙorafinka na gajeruwar wasiƙa ya iso, kuma ka yi daidai da ka faɗa. Yaron da aka bari ya yi wa ubansa rubutun ganin dama, haka zai yi wa malaman jarrabawa. Ban ma san tana aika maka takardu ba tare da kowa ya duba ba. Ashe abin da nake ginawa kwana uku, a nan take rushe shi. Na magance wannan. Yanzu duk Asabar a gidana take rubuta maka wasiƙa: ta yi ta farko, in bi ta da jan biro, ta sake kwafewa a takarda mai kyau, sannan ni da kaina in rufe ambulan. Na sa mata ka'ida kada ta gaza shafi biyu. Za ka ga bambanci.

Aiki yana tafiya. A shifta kurakuranta sun ragu fiye da rabi. Insha'i ne har yanzu da saura, domin da zarar abu ya taɓa mata zuciya sai ta manta da komai. Makon jiya na ba ta jigo, "Ranar wanki". Sai ta rubuta yadda Resi take shanya zannuwa a bayan gida, iska na kaɗa su, ita kuma tana ɓuya a tsakaninsu uwar tana yi kamar ba ta gan ta ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, da na karanta sai da na cire tabarau na goge. Amma shafin nan babu layin da ya tsira, na zagaye shi tas. Da na miƙa mata, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Malama, wannan na Mama ne." Na ce, "Mamarki ma ta cancanci a sa mata waƙafi daidai." Ba ta yi kuka ba. Ta kwafe kowace jimla sau biyar, ta rufe littafi ta tafi gida.

Mahaifiyarka kuwa ta zo mini har gida da gyale a karkace. "Kuni, me kike yi wa yarinyar nan ne? Da ba ta barin mutum ya haɗiye loma saboda surutu. Yanzu sai ta fara magana ta tsaya a tsakiya tana motsa baki, kamar mai ƙirga wani abu." Na ce, "Tunani take yi, Babette, abin da ba a saba gani ba a gidanku." Ta ce duk ranar zuwa wurina sai yarinyar ta tashi da ciwon ciki. Na ce ta dafa mata shayin ganye. Rabin yaran da na kai Bamberg da ciwon ciki suka je, yau a cikinsu akwai likita da alƙali. Ta fita tana ce mini busasshiyar itace, kamar yadda take ce mini tun muna 'yan mata.

Kada ka bari ta karya maka gwiwa. Saura wata uku, kuma a irin wannan lokacin ne iyaye masu taushin zuciya suke ɓata komai.

Innarka,
Kunigunde Zeitler


Kusa da Mosul
Afrilu, 1980

Inna,

Ina gaisuwa. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ni jikina lafiya, zafi ne ya fara.

Sai jiya jakarmu ta iso, ta kwanta a Bagadaza tun farkon Maris. A ciki na tarar da wasiƙarki ta Fabrairu da na Dorle guda biyar a ɗaure. Jupp da sauran suka taru kamar yadda suka saba. Na buɗe ta farko na fara karantawa. "Ina lafiya. Kaka tana lafiya. An yi ƙanƙara. Na je makaranta, saboda Litinin ce. Na ci miya, amma ba ta da zafi." Haka har shafi biyu, rubutu tsaf kamar na inji. Ta biyu ma haka. Ban kai ta uku ba Jupp ya tashi ya ce bari ya je ya sha taba, sauran suka koma kan kartarsu. Ba wanda ya tsokane ni, da ma sun tsokane ni da ya fi mini sauƙi.

Inna, ni na ce miki tana yi mini rubutun ganin dama? Cewa na yi ki duba mini yarinyar, ki ga ko wani abu na damunta. Ban ce ki shiga tsakanina da ita da jan biro ba. Wasiƙun nan su kaɗai ne wurin da ba wanda yake ba ta maki. Ni ban taɓa ganin kuskure ko ɗaya a ciki ba, muryarta kawai nake ji. A waɗannan biyar ɗin ban ji ta ba, ke na ji.

Maganar zannuwan Resi kuwa, na karanta wurin sau uku, na fita bayan ɗaki na zauna a kan bututu. Tun da uwarta ta rasu yarinyar nan ba ta taɓa ambatonta a gabana ba, ko sau ɗaya. Ranar da ta buɗe baki, abin da ta samu ke nan. Raina ya ɓaci da ke, Inna, kuma ba zan yi kamar bai ɓaci ba.

Na san ni na roƙe ki, na kuma ce ba zan sa baki ba. Har yanzu ina son ta shiga makarantar, Allah ya sani, ba na son ganinta a kan keken ɗinki. Ki ci gaba da shiftarki. Amma ki sakar mata Asabar. Ta rubuto mini abin da ta ga dama, ta rufe ambulan da kanta, ko da babu waƙafi ko ɗaya a ciki. Littafin da ke da labarin wankin kuma ki ajiye mini shi.

Na nemi hutu in zo kafin jarrabawa, foman ya ce ba mai motsawa sai an kunna tanderun masana'antar a watan Yuli. Ina roƙon Allah wannan takarda ta riga Mayu isowa.

Wendelin


Weidenreuth
Ƙarshen Mayu, 1980

Wendelin,

Gaisuwa. Ƙafa da sauƙi tunda rana ta fito. Babette lafiya, sai dai ba ta yi mini magana.

Dorle ta ci. Takardar Bamberg ta iso shekaranjiya, an ɗauke ta, za ta fara a watan Satumba. Abin da ka roƙe ni ke nan, kuma na yi.

Wasiƙarka ta Afrilu ba ta zo ba sai bayan jarrabawa da mako guda. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Ba zan yi maka gardama a kanta ba, zan dai gaya maka abin da ya faru, ka yi hukunci da kanka.

Ni na raka ta Bamberg a bas, domin Babette ta ce ba za ta iya kallo ba. A shifta ba ta yi kuskure ba. A insha'i an ba su jigo, "Abin da na gani ta taga". Ɗaya daga cikin masu duba takardun tsohuwar ɗalibata ce, ita ta tare ni a baranda bayan an gama. Ta ce, "Malama, na ga hannunki a takardar nan, ko ɗigon ja ban sa ba. Sai dai yarinyar ba ta da abin faɗa ne? Gida, bishiya, mota, aya, aya, aya. Mun ba ta biyu saboda tsabta." Na yi mata godiya. A hanyar dawowa na tambayi Dorle me ya sa ba ta yi dogayen jimloli ba, alhali ta san dokokin duka. Ta ce, "Idan gajeru ne ba abin da zai kama ni, Malama." Wannan dabarar ba ni na koya mata ba, ita ta gano abarta.

Jiya Asabar ta zo da kanta, duk da na aika mata cewa karatu ya ƙare. Na sayo kek na cuku don murna, ta ci rabi ta ajiye cokali. Na ce mata daga yau Kaka Kuni ce, babu sauran Malama. Na ɗauki jan biron a gaban idonta na jefa a durowa na kulle. Na ba ta takarda da ambulan da kan sarki, na ce, "Babanki yana son ki rubuta masa duk abin da kike so. Labarin Kansila, ko wane ne. Ba zan karanta ba, ke za ki rufe, ke za ki kai gidan waya." Na fita lambu na bar ta, na yi ta cire ciyawar da ba ta dame ni ba.

Da na dawo, kwanan wata kawai ta rubuta a saman takardar. Tana zaune a miƙe, hannu a kan tebur, yadda na koya mata.

Na ce, "Ya haka? Ba ki da labari ne?"

Ta ce, "Akwai."

"To rubuta mana."

Ta ce, "Idan ba ki duba ba, ta yaya zan san daidai ne?"

Na ce babanta bai damu da daidai ba, shi kansa bai san inda waƙafi yake kwana ba. Na zaci za ta yi dariya. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta gyara riƙon biro ta ce, "To ki faɗa, Malama, ni sai in rubuta."

Wendelin, shekara arba'in ina yi wa yara shifta, ban taɓa rasa abin faɗa ba sai jiya. Na ji tsoro, kuma har yanzu da nake rubuta maka tsoron bai sake ni ba. Ita kuma ba ta ajiye biron ba, tana ta jirana, har aka kaɗa ƙararrawar coci ta yamma Babette ta zo ta tsaya a bakin shinge ta kira ta.

Shi ya sa ka ga takardata kaɗai a ambulan ɗin nan. Kada ka jira a kunna tanderu. Ka zo.

Kunigunde